Rahoton ayyukan shekarar 2025 daga sakatare zuwa ga mambobi

Assalamu alaikum iyayenmu masu injina, yayyenmu 'yan lodi, iyayenmu mata masu turara shinkafa da duk wanda ke cikin ƙungiyarmu ta nan yankin Kura. Ciyaman ya ce in saka rahoton a guruf tunda wasu ba sa zuwa mitin, to ga shi, dan Allah a karanta har ƙarshe kafin a fara tambaya.

Mitin ɗin wata-wata an yi su, ban da na watan azumi.

Babban abin da muka yi bana shi ne taron wayar da kai kan zafin rana da aka yi a Fabrairu, cikin Sha'aban, kafin azumi ya kama farkon Maris. Wallahi ko mu 'yan kwamiti ba mu zaci za a cika haka ba, tabarmi suka ƙare har aka shimfiɗa buhunan shanshera, mutanen Garun Malam da Bunkure ma sun zo. Jami'in lafiyar da muka gayyato bai tsaya dogon turanci ba, ya sa wani yaro ɗan lodi ya kwanta ya nuna yadda ake yi wa wanda zafi ya kayar: a kai shi inuwa, a sassauta masa kaya, a jiƙa shi da ruwa ana masa fifita, in ya ruɗe yana sambatu ko ya suma to ba maganar jira, asibiti kawai, kuma kar a ɗura masa ruwa a baki in ba ya cikin hayyacinsa. Ya ce mai aikin ƙarfi a rana ya sha kamar kofi guda duk minti 15 zuwa 20 tun kafin ƙishi ya zo, sabon yaro kuma jikinsa na bukatar kwana 7 zuwa 14 kafin ya saba, ba a ranar farko a ɗora masa buhu daga safe har la'asar ba. Mata suka koyi haɗa ruwan gishiri da sukari, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita guda. Liman ya rufe da nasiha kan tausaya wa lebura mai azumi, kuma a nan take masu injina suka yarda a riƙa lodi bayan asuba da kuma bayan sha ruwa. Wannan kam ya yi aiki, duk azumin ba mu ji wanda ya faɗi a wajen shanya ba. Allah ya saka wa Hajiya shugabar mata da ta ɗauki nauyin kunu.

Sai maganar agogon hannun nan mai gargaɗin zafi da ake ta ƙorafi a kai cewa ba kowane inji ya samu ba. Ee mun yi alkawarin kowane inji zai samu, ba a samu ba, guda shida kawai muka iya saya aka raba a injina uku. Da me za mu sayi sauran? Waɗanda suka biya kuɗin wata ba su kai rabinmu ba, ni da Ma'aji mun bi mutane har kunya ta fara kama mu, kullum sai an sayar da shinkafa, an sayar kuma shiru. Agogon kansa yana aikinsa, yana auna bugun zuciya da ɗumin fata, in abin ya haura sai ya girgiza a hannu alamar mutum ya tsaya ya huta. Amma fata ba cikin jiki ba ce, gumi da ƙaiƙayi kuma suna toshe idon da ke ƙasansa in ba a goge ba, ga matsalar caji in babu wuta. Abin da ya fi damuna, a watan Afrilu da zafi ya wuce digiri 40 na tarar da agogo biyu rataye a ƙusa, na tambayi yaran suka ce yaya ai a kan buhu ake biyanmu, in ya girgiza muka zauna wa zai biya mu zaman? Gaskiyarsu. In mai inji bai yarda hutun nan yana cikin lissafin aiki ba, agogo ado ne kawai, shi yasa kwamiti ba zai ƙara sayen ko guda ba sai an yi wannan yarjejeniya a rubuce.

Kuma iyayenmu masu injina, wannan ba alfarma ba ce gaba ɗaya. Dokar masana'antu ta ƙasa ta wajabta ruwan sha mai tsabta da wadatacciyar iska a wurin aiki, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta ce mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na kuɗin albashi a asusun inshorar ma'aikata na gwamnati, wato NSITF, domin wanda ya ji rauni a bakin aiki. Rajistar ma'aikata a asusun nan ba mu kammala ba saboda har yau yawancinku ba ku kawo sunayen ma'aikatanku ba. 'Yan uwanmu da ke aiki a Katar za su gaya muku can tun 2021 an hana aiki a rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma daga Yuni zuwa tsakiyar Satumba, mu hutun azahar kawai muke roƙo.

Rumfar hutawa ta bakin wajen shanya an kafa ginshiƙai, kwano ne babu, kuɗinsa ya tashi kafin mu tara. Randunan ruwa an ajiye su amma waɗanda aka sa wa cikawa sai a hankali. Gargaɗin zafi na hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, wato NiMet, ina turawa guruf duk sanda ya fito, masu buɗewa ba su da yawa, amma da an saka maganar rabon taki kowa zai bayyana.

Ma'aji zai karanta bayanin kuɗi da sunayen masu bashi a mitin ɗin Janairu, azumin 2026 zai kama cikin Fabrairu saboda haka kwanon rumfa ne farko. Mai son kar a karanta sunansa ya samu Ma'aji kafin ranar.

Naku, Sakatare