Abba Ya Ce In Bar Kimiyyar Siyasa In Sake JAMB

Assalamu alaikum Hajiya, barka da ƙoƙari. Allah Ya saka da alheri.

Ni ɗaliba ce 'yar shekara 19, ina aji ɗaya a jami'a. Karatun lauya na nema, makina bai kai ba, sai aka ba ni gurbi a Kimiyyar Siyasa. Na karɓa ba da son raina ba, da niyyar sake jarrabawa bana. To Hajiya, zango biyu ke nan, kuma wallahi karatun ya shiga raina.

Ranar da aka koyar da mu tarihin jam'iyyu ne zuciyata ta juya. Aka zo kan NEPU da aka kafa a Kano a 1950, da gwagwarmayar Malam Aminu Kano, da ɗaurin da Hajiya Gambo Sawaba ta sha. A nan na san cewa har Jamhuriya ta Farko ta faɗi a 1966 matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba, alhali na Kudu suna jefawa. Kakata ta sha ba ni labarin zamanin nan ina jin sa kamar tatsuniya, sai ga shi a allo. Ranar na kasa barci.

Abba kuwa ko sunan kwas ɗin ba ya son ji, kuma ban ga laifinsa ba. Ƙaninsa 'yan daba suka sara a wajen kamfe, har yau hannunsa bai koma daidai ba. A wurinsa siyasa banga ce da rabon kuɗi, ba abin da ɗiya mace za ta zauna a aji ta koya ba. Ya ce lauya ko da shekara shida zai ci, ya fito da sana'a a hannu. Sai ya kawo misalin ɗan maƙwabcinmu da ya gama wannan kwas, ya yi bautar ƙasa, yanzu POS yake yi a bakin titi. Wannan maganar ta tsaya mini a rai. Na san akwai aikin koyarwa, jarida, hukumar zaɓe da ma'aikatar harkokin waje, amma mu ba mu da kowa a sama.

Na yi masa bayanin cewa ni ba takara nake so ba, duk da dokar 2018 ta mayar da shekarun takarar majalisar jiha zuwa 25. Burina in zurfafa karatu in koyar. Ya yi shiru. Washegari ya ba Umma kuɗin fam ta miƙa mini.

Kuɗin suna cikin jakata, ban taɓa su ba. Idan na sake, shekara guda ta tafi, kuma ba tabbas makin ya kai. Idan na ƙi, ina tsoron fushin mahaifi ya cire wa karatun albarka.

Hajiya, in sayi fam ɗin in ci gaba da zuwa aji, ko in roƙi yayansa, Baffa, ya yi masa magana? Idan Baffan ne, ta yaya zan yi Abba bai ɗauka ƙararsa na kai ba?

Ɗiyarki,
daga Kano