Dan Allah mu juya kyamarar wayarmu ta kalli halittun da ke unguwarmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana masu riƙe da manyan wayoyi. Yanzu kusan kowa akwai kyamara a aljihunsa, wasu ma wayarsu ido uku gare ta a baya, amma in ka buɗe hotunan ciki ba abin da za ka gani sai selfi da biki da kwanon abinci da motar da ba tasa ba. Ba na cewa laifi ne fa, kawai dai abin da ke ba ni mamaki shi ne in aka ce hoton halittun Allah sai tunaninmu ya tafi giwayen Yankari ko dawakan hawan sallah, kamar in ba ka biya kuɗin mota ba to ba abin kallo a garinku.

Ga tumfafiya nan. Ba wanda ya shuka ta, a bola take fitowa da kangon fili, akuya ma ba ta cika kula ta ba, mu kuma abin da muka sani kawai kar ruwanta ya shiga ido. To wallahi ka tsuguna da safe ka matso da waya kusa da furenta, fari ne da shuni a bakin kowane kunne, a tsakiya ga wani ɗan gini mai kusurwa biyar kamar aikin maƙerin azurfa, kuma in ka yi haƙuri ka ɗaga ganyen za ka iya samun wata tsutsa mai zane baƙi da fari da rawaya tana ci, ita ce ke zama malam buɗe littafi ɗin nan mai ruwan lemo, dafin da ta ci a ganyen shi ke sa tsuntsaye ba sa son cinta. Duk wannan a bola fa.

Kuka ma haka. Miyar muka sani, amma mutum nawa ne ya taɓa tsayawa ya ga furenta? Wani babban fari ne yana reto ƙasa, da magariba yake buɗewa, jemagu ke zuwa masa cikin dare, kafin wata magaribar ya yi yaushi. Shi ya sa ba a ganinsa, lokacin kowa na hanyar masallaci. Gawo kuwa shi da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar, manomi ya san wannan amma yaron birni bai sani ba.

Aikin ba wuya. Goge idon kyamarar da gefen riga, yawancin hotunan da ke fita dishi-dishi maiƙon hannu ne ba laifin waya ba. Kar ka ja zum, kai ka matsa. Ka fita bayan asuba kafin rana ta yi ƙarfi ko bayan la'asar, kuma hazon hunturu da muke ta ƙorafi a kansa yana tausasa haske sosai. Sai dai ka shirya, za a tsaya ana kallonka ana cewa lafiya kuwa malam, kuma a wannan yanayi na tsaro in gonar wani ce ka yi sallama ka nemi izini, kar a ɗauke ka ɗan leƙen asiri.

Abin da ya sa na dage har na rubuto shi ne ungulu. Duk wanda ya yi wayo shekaru talatin baya ya san yadda suke cika mahauta da rufin kasuwa, muna jifansu muna ce musu ƙazamai. Yau ina suke? A 2015 aka saka irin wadda muka saba gani a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, guba da masu sayen sassan jikinta don tsibbu sun gama da ita, kuma wa ke da hotonta a kasuwar garinsu da zai nuna wa ɗansa? Gauraka ma da ake cewa tsuntsun ƙasa ne na Najeriya, yanzu ganinsa a daji sai an sha wuya. Ba wanda ya lura da ranar da suka ragu saboda dama ba a kallonsu. Ina tsoron haka ta faru da shamuwa, wadda zuwanta ke gaya wa manomi ya gyara fartanya. Ga dausayin Haɗeja da Nguru nan, tsuntsaye na tasowa tun daga Turai su sauka Dagona a jihar Yobe lokacin sanyi, Turawa sun san wajen, mu 'yan gida da yawa ko sunan ba mu ji ba.

Don haka roƙona, Edita, ku ware mana ko rabin shafi ne duk mako, masu karatu su turo hoton abin da ke unguwarsu, bado a kududdufi, ƙadangare jan kai a kan katanga, saƙar gizo da raɓa, a rubuta sunan abin da Hausa da garin da aka ɗauka da watan. Malaman firamare ma za su samu abin nuna wa yara. In kun buɗe, tumfafiyata ce za ta fara isowa.

Naku,
Wani mai karatu daga Gumel, jihar Jigawa