Godiya ga shagon da ya ƙi sayar mini da kaya sai da ya ga lamba

Assalamu alaikum.

Ni bakaniken manyan injuna ne a nan Gombe, kuma yabon mai shago ba ɗabi'ata ba ce, don tsakaninmu da masu sayar da kayan gyara sai dai haƙuri. Amma abin da aka yi mini a wani shago da ke kan hanyar Bauchi cikin daminar nan ya sa na ce sai na rubuta. Ba zan kama suna ba, kada a ce kuɗin talla na karɓa. Masu abin sun san kansu.

Injin da nake kula da shi katafila ce ta danne shara a juji, Cat 826, wadda maigidanmu ya sayo tsohuwa daga waje. Ba ta da tayar roba. Ƙafafunta huɗu na ƙarfe ne masu haƙora, nauyinta ya haura tan 30, aikinta ta bi ta kan shara tana yayyagawa tana tattakewa don ramin ya daɗe bai cika ba. Abin da ke kashe ta kuwa ba dutse ba ne. Waya ce da igiya da tsumma da tsohon gidan sauro, su naɗe tsakanin ƙafa da aksul, su yi ta matsewa har su ci sil, wato zoben da ke hana mai tsiyaya. Da sil ya tafi mai zai tsiyaye, ƙasa da ruwan juji su shige cikin giya. Haka ta faru da ƙafar baya ta hagu.

Sau biyu ina sayen sil ɗin nan a wasu wurare. Na farko ya ɗauki tsohon ya ɗora a kan sabo, ya juya, ya ce, "Oga, shi ne, ai da na loda duk ɗaya ne." Muka cire ƙafa, aikin yini guda da mutum huɗu, muka ɗaura, kwana shida mai ya dawo yana ɗiga. Na biyu daga wani gari aka saƙo mini shi a mota, kwali mai rawaya kamar na gaske, amma robar ciki ta bushe har tana tsagewa a hannu. Da na kira sai aka ce in duba rasit, an rubuta kaya in ya fita ba ya dawowa. Mako uku injin na tsaye, motocin shara na ta juyewa a bakin hanya, ruwan sama na jiƙa ta, wari ya hana maƙwabta sakat, maigida kuma kullum waya: "Malam, ina aka kwana?"

Da tsohon sil ɗin a leda na shiga shagon nan. Wani matashi a bayan kanta, sa'ar ɗana na biyu, bai ko taɓa ledar ba. Ya ce, "Baba, a yi haƙuri, ina lambar jikin injin?" Raina ya ɗan sosu, shekara nawa ina wannan aiki yaro zai tambaye ni lamba. Na ce 826 ce. Ya ce 826 iri-iri ce, akwai G akwai H, kuma ko a cikin harafi ɗaya kamfani kan sauya kaya daga wata lamba zuwa wata, har a daina tsohuwar lambar kayan a ba ta sabuwa. Ya ba ni kujera da ruwa, na kira yarona a juji ya goge farantin lamba da ke jikin injin ya turo hoto ta WhatsApp. Da ya shigar da lambar a kwamfuta sai ga zanen aksul ɗin gaba ɗaya, kowane ƙarfe da lambarsa. Nan na ga sil ɗin da na yi ta saye bai zama daidai a mazauninsa ba, ido ne kawai ba ya gani.

Bai tsaya nan ba. Ya tuna mini cewa irin wannan sil zoben ƙarfe biyu ne masu goga fuska da juna, kowanne da robarsa, tare ake sauya su, ba a haɗa sabo da tsoho. Robar ba a shafa mata mai ko giris, fuskar ƙarfen kawai ake shafa wa ɗan mai. Na san wannan, amma na ji daɗi da na ji shi a bakin mai sayarwa. Ya kuma ce, "Baba, in ba ku gyara garkuwar aksul da ƙarfen da ke kankare shara daga ƙafa ba, wata biyu za ku dawo mini." Wato yana rage wa kansa ciniki da bakinsa.

Na ce a haɗa mini da filtar gas, ya ce sai ya ga lambar injin da ke cikin katafilar ita ma, don tsofaffin injunan da ake shigowa da su sau da yawa an sauya musu zuciya a hanya. Haka kuwa aka yi, injin da ke ciki ba wanda ta fito da shi daga kamfani ba ne. Ashe filtar da nake ta sakawa ba tasa ba ce.

Kayan ba su da arha, kuma kwana huɗu na jira kafin su iso. Ya ce huɗu, huɗun ne.

Abin da ke ba ni takaici shi ne wannan ba wani sihiri ba ne, tambaya ɗaya ce. Amma ka zagaya shaguna goma, da wuya ka samu biyu da za su yi ta. Kowa "shi ne, shi ne", jabu da na asali a kwali iri ɗaya, in abu ya lalace kuma bakanike ne bai iya aiki ba. Mu ake zagi, mu ake cire wa kuɗi a albashi, mai shago ya riga ya ƙirga nasa.

Yau wata biyu ke nan ƙafar ba ta ɗiga ba. Allah Ya saka maka da alheri, ɗana, Ya yi wa kasuwar maigidanka albarka. Haƙoran ƙafafun gaba sun fara cinyewa, bayan kaka ina tafe, kuma hoton farantin yana cikin wayata.

Wani bakanike, Gombe