Wasiƙa zuwa ga Yaya: na sayi wuƙa

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da Inna da duk mutanen gida. Ni ma lafiya lau nake, sai sanyin New York da ya fara shigowa. Kuɗin makarantar yara na tura ranar Litinin, in sun iso ka sanar da ni.

Akwai abin da na yi wanda gara ka ji daga bakina kafin hoton ya zaga ya iso ka: na sayi wuƙar aljihu, irin mai ninkewa, kusan dala 200. Ka buga da canjin yau, ka ga na ɗaura ƙaramin ragon layya a aljihun wando. Na san me za ka ce. Ɗan maƙeri, wanda ya tashi yana zuga wa Baba wuta, shi ne zai je ƙasar wasu ya sayi wuƙa da wannan kuɗi? To ka bari in gama.

Ka san aikina a sito ne. Tun safe har la'asar yankan kwali nake, da igiyar roba da ake ɗaure kaya da ita, da leda mai kauri. A shekara biyu na kashe wuƙaƙe huɗu 'yan dala goma-goma. Ta ƙarshen ce ta sa na tuba: ina danna ta a kan igiya sai makullinta ya saki, ta rufo mini a yatsa, sai da aka yi ɗinki uku. A nan kuwa ɗinki uku ya fi wuƙar tsada.

Abu na farko da ya rage mini zaɓi doka ce, ba kyau ba. A birnin nan ba a yarda ka fita da wuƙar da tsawon bakinta ya kai inci 4 ba. Kuma ko ƙarama ce, ba a so a gan ta a waje. Akwai ɗan ƙarfen da ake maƙale ta da shi a bakin aljihu. In ɗan sanda ya hango shi, ya isa ya tsayar da kai. Mu da muke baƙi, ga fatarmu ga sunayenmu, ba ma wasa da wannan. Don haka duk manyan nan masu ɗaukar ido ban ko taɓa su ba.

Wani abokin aikina ɗan Gana, Bahaushen Kumasi, shi ya kai ni wani shago a wajen gari inda ake bari ka riƙe kaya kafin ka biya. Ya ce kada in kuskura in saya a intanet wurin wanda ban sani ba, jabu ta yi yawa. Uku na ware.

Ta farko sunanta Sebenza, ta kamfanin Chris Reeve da ke Idaho. Wanda ya kafa kamfanin mutumin Afirka ta Kudu ne, sunan ma da harshen Zulu yana nufin aiki. Yaya, da ka riƙe ta da ka yi shiru. Mariƙinta na ƙarfen titaniyam ne, tana buɗewa ba ƙara ba girgiza, kamar ƙofar da gwanin kafinta ya dasa. Amma kuɗinta wajen dala 500. Na san kaina: in na saye ta tsoron karce ta zai hana ni yanka kwali da ita, ta koma kayan ado. Na ajiye ta ina waiwaye.

Ta biyu Bugout ce ta Benchmade, ba ta da nauyi ko kaɗan, giram 52 kacal. Na matse mariƙin sai na ji yana ɗan lotsawa. Mai shagon ya ce ba ya karyewa, kuma na yarda da shi, amma hannun da ya saba da masaba ba ya natsuwa da abin da ke motsi a cikinsa.

Wadda na ɗauka ita ce Para 3 ta Spyderco, ana ƙera ta a garin Golden na jihar Colorado. Ba ta da kyau, gaskiya. Tana da ƙusumbi, ga wani rami zagayayye a jikin bakin, wanda ake sa babban yatsa a tura ta buɗe da hannu ɗaya, ko da safar hannu. Bakin bai cika inci 3 ba. Abin da ya saye ni shi ne makullin: a bayan mariƙin yake, sai ka danna shi da yatsa ta rufe ba tare da ko yatsa ɗaya ya gitta hanyar kaifin ba. Wanda aka yi wa ɗinki shi ya san darajar wannan.

Yanzu ga maganar da na fi so mu yi, ta ƙarfe. Ka tuna yadda Baba, Allah ya jiƙansa, yake zaɓen sifirin ɗin tsohuwar mota, ya gasa ya buga, ya tsoma, sannan ya goga magagari ya saurari kukansa? Wuƙarsa tana ɗaukar kaifi da shafa biyu a kan dutse, amma in ta kwana da jini sai tsatsa. Wannan ƙarfen, da suke kira S45VN, ba bugawa ake yi ba tun farko. Narkakken ƙarfe ake fesawa ya zama gari, a matse shi da zafi ya dunƙule, don haka ƙwayoyin da ke ba shi tauri suke bazuwa daidai ko'ina. Ba ya saurin tsatsa, kuma kwali, wanda ka san yana cin kaifi kamar yashi, sai na yi sati uku ina yanka kafin ta fara dakushewa.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Ranar da na zo wasa ta a kan ɗan dutsen da na taho da shi daga gida, na fi rabin awa ina gumi, dutsen ne yake cinyewa. Dole na ƙara kuɗi na sayi abin wasawa mai garin lu'ulu'u a fuskarsa. Wannan ba wanda ya gaya mini a shago. Abin dariya, shi wanda ya kafa Spyderco, Sal Glesser, abin wasawa yake sayarwa kafin wuƙa, sai a 1981 ya fitar da wuƙarsa ta farko. Da Baba ya ji wannan da ya ce mutumin ya san abin da yake yi, tunda kullum faɗansa da mu a kan dutse ne, ba a kan wuta ba.

Ba zan yi maka ƙarya ba, ta dala 60 ma za ta yi aikin. Ragowar kuɗin na biya ne don makullin da na amince da shi, da kuma son zuciya. Shekara bakwai ina turo kuɗi gida, wannan ne karo na farko da na sayi abu don kawai raina ya so shi.

Wajen yankan dabba kuwa ba ta kama ƙafar taku ba, ta yi gajarta. Bana a gona muka yi layya, wuƙar da aka miƙo mini sai da na ji kunya. Don Allah ka ƙera mini guda irin ta Baba, mai kube na fata, ka ba Alhaji in zai dawo. Ka ja masa kunne ya sa ta cikin akwatin da ake aunawa, kada ya kuskura ya sa a jakar hannu, za a ƙwace a filin jirgi. Ni kuma zan ba shi irin abin wasawan nan ya kawo maka, ka gwada a kan sifirin ka gaya mini yadda ka gani.

Inna kam kada ta ji farashin. In ta tambaya, ka ce wuƙar aiki ce.

Ka gaishe ta, ka gaida Kawu da matarka da yara duka.

Naka,
Ƙaninka