Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Ƙudirin Ninka Kuɗin Asibitocin Karkara

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagacinmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa Mai Martaba Sarki lafiya da nisan kwana.

Bayan gaisuwa da ban girma, mu ne talakawanka na wannan mazaɓa, manoma da makiyaya da 'yan kasuwa, tare da limamanmu da masu unguwanni. Mun zauna a ƙofar gidan Dagaci bayan sallar Juma'a, iyayenmu mata kuma suka aiko da nasu saƙon ta bakin ungozomomi, muka tsayar da shawarar kawo maka kukanmu a rubuce.

Ranka ya daɗe, mun ji a rediyo cewa Sanata Ipalibo Banigo ta Jihar Ribas, wadda likita ce kuma ita ke shugabantar kwamitin lafiya na Majalisar Dattawa, ta gabatar da ƙudirin gyara Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014. Dokar nan ce ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ce a riƙa zuba masa abin da bai gaza kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ba. Ƙudirin yana neman a mayar da shi kashi 2. 'Ya'yanmu da suka yi karatu sun fayyace mana yadda dokar ta raba kuɗin tun farko: rabi na biya wa marasa ƙarfi magani ta hanyar inshora, kashi 45 na magunguna da alluran rigakafi da gyaran asibiti da ma'aikata, ragowar kashi 5 na agajin gaggawa. Sun kuma tuna mana cewa an sa wa dokar hannu a 2014, amma sai a kasafin 2018 aka fara ware wa asusun kuɗi. Shekara huɗu ke nan doka tana kwance a takarda.

Mun yi murna da wannan ƙudiri, muna kuma goyon bayansa ɗari bisa ɗari. Sai dai murnar tamu haɗe take da fargaba, domin kashi 1 ɗin da ake da shi yanzu ba mu san ta inda yake bi ba. Idan an ninka shi alhali hanyar da ya kamata ya biyo ya iso mana a toshe take, mu dai jiya i yau.

Kai shaida ne kan halin da asibitin sha-ka-tafin mazaɓarmu yake ciki, tun da ka taɓa tsayawa a can ranar rigakafin shan inna. Ma'aikacin da ke wurin yana iya bakin ƙoƙarinsa, ba mu kawo ƙararsa ba. Amma mutum ɗaya ne ke duba marasa lafiya, ya yi allura, ya rubuta kati, kuma da la'asar dole ya koma gida. Da dare ƙofa a rufe take. Rufin ɗakin haihuwa yana yoyo, rijiyar burtsatsen ta daɗe da tsayawa, duk wanda ya kawo mai naƙuda sai ya zo da jarkar ruwa da fitila. Magani kuwa rubuta maka ake yi a takarda ka nufi kemis, hatta na zazzaɓin cizon sauro a tsakiyar damina, lokacin da yara ke kwanciya gida gida, rumbu kuma babu komai.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne haihuwa. Mace ta fara zubar da jini ko jijjiga ta kama ta da tsakar dare, sai a shiga buga ƙofofi ana neman mai babur ko mai mota, ana cigiyar wanda zai ba da rancen kuɗin mai. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin ɗaukar mara lafiya zuwa babban asibiti ya fi ƙarfin magidanci sai ya sayar da akuya ko buhun gero. In an yi ruwa rafi ya kawo, a bakin gaɓa ake zama da ita har gari ya waye. Mun sallaci matan da ba su kai asibitin ba, mun kuma rufe wasu tare da abin da ke cikinsu. Mun yi imani da ƙaddara, ranka ya daɗe, amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce mu da neman magani.

Kada a ce ba ma biyan komai. Gaskiya ne gwamnatin marigayi Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a 1979, dattawanmu har yau suna yi masa addu'a. Amma duk ranar kasuwa muna yankar rasit: na rumfa daban, na buhu daban, na kan dabba a kara daban, kafin motar hatsi ta kai birni kuma an tsayar da ita a shingaye da dama. Sabulu da katin waya da kwanon rufi duk akwai harajin kaya, wato VAT, na kashi 7.5 a cikin farashinsu. Mun ji cewa sababbin dokokin haraji da Shugaban Ƙasa ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, waɗanda suka fara aiki a Janairun 2026, sun yafe harajin samu ga wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira 800,000 ba, sun kuma ba ƙananan hukumomi kashi 35 na harajin kaya. Mun ji Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Duk wannan labari ne mai daɗi, amma har yanzu bai zama maganin zazzaɓi a kantar asibitinmu ba.

Ba mu manta ba cewa a watan Oktoban 2024 sarakunan Arewa sun zauna da gwamnoni a Kaduna kan rabon harajin kaya, suka yi magana da murya ɗaya, kuma aka saurare su har aka sauya tsarin. Irin wannan muryar muke roƙo a ara wa matanmu da 'ya'yanmu.

Saboda haka muna roƙonka ka kai wannan takarda gaban Mai Martaba, a nemi sanatanmu da ɗan majalisar wakilanmu su tsaya wa ƙudirin nan har ya zama doka, kada ya kwana a majalisa kamar yadda dokar farko ta kwana a takarda. Muna so su zo fadarka da kansu su faɗa mana matsayinsu, kamar yadda suke zuwa lokacin neman ƙuri'a.

Na kusa da hannunka kuwa, wanda ba ya jiran Abuja, shi ne ka kira shugaban ƙaramar hukuma da mai kula da sashen lafiya su bayyana ko asibitinmu yana cikin waɗanda asusun ke turo wa kuɗi duk wata uku. In yana ciki, a riƙa liƙa lissafin abin da ya shigo da abin da aka kashe a jikin bangon asibitin, da Hausa da ajami, a kuma karanta shi a masallacin Juma'a. In ba ya ciki, a gaya mana sharaɗin da ya rage mu san yadda za mu cika shi. Matasanmu sun ce a shirye suke su yi aikin gayya, su buga bulo su gyara rufin. A sake zaɓen kwamitin ci gaban mazaɓa a bainar jama'a, a sa mata a ciki, domin su ne suka san abin da ke faruwa a ɗakin haihuwa. A turo mana ungozomar asibiti da za ta zauna a garin. Mun riga mun tanadi ɗakin da za mu ba ta.

Sai maganar rajista. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta ambaci masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da tsofaffi da masu buƙata ta musamman da matalauta a matsayin waɗanda za a biya wa. Lokacin da aka rubuta sunayen tallafin naira 25,000 a 2023, zawarawa da marayun da kowa ya sani a garin nan ba su ji ɗuriyarsa ba. Kada a maimaita haka. Iyayenku ne suka riƙe littafin haraji a da, gida gida suka san talakawansu. Masu unguwanninka sun san wanda ya kwana da yunwa. A sa su a gaba wajen rubuta sunaye, a karanta jerin a ƙofar gidan Dagaci kafin a tura shi.

Muna jiran ranar da za ka ba wakilanmu su zo su faɗi gaisuwa, su ji amsa.

Allah ya taimake ka, ya ja zamanin Sarki.

Mu ne masu biyayya,
Dattawa da limamai da masu unguwanni, a madadin maza da matan wannan mazaɓa. Sa hannunmu da dangwalen yatsunmu suna haɗe da wannan takarda.