Wasiƙa daga Aboabo ta Kumasi zuwa ga Babana a Ankara (Accra)

Babana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Kawunka da mutanen gidansa. Rabi ce ke rubuta min wannan, ina faɗa tana dannawa. Na ƙi kiranka ne don na san halina: in na fara sai kuka ya ci ƙarfina, kai kuma ka sami hanyar cewa "Mma, ki kwantar da hankalinki" ka kashe waya.

Yau kwana arba'in da muka raka ka tashar Asafo. Ban hana ka tafiya ba, kada gobe ka ce na hana. Aiki ka samu, na yi murna, har ƙosai na raba sadaka. Amma tun a tashar na gaya maka albashin sidi 2,000 na Kumasi daban, na Ankara daban. A nan ɗakin gado kake kwana, tuwona kake ci, ƙafarka ke kai ka Kejetia ta dawo da kai. A can ruwan wanka ma sai ka saya a jarka. Motar haya ta trotro biyu da safe, biyu da yamma, katin wuta, kuɗin bayan gida, wake da shinkafa a ganye da ba ya kai ka azahar. Ka yi dariya ka ce ni tsohuwa ce, har yanzu da lissafin tsohon sidi na kafin 2007 nake kwana. To ga shi wata bai yi biyu ba ka gani da idonka.

Kawunka ya gaya min maganar ɗakin Mamobi. Ciki ɗaya, sidi 500 a wata, mai gida kuma ya kafe sai kuɗin shekara biyu a dunƙule. Rabi ta lissafa min, 12,000 ke nan, ban da ladan dillali. Albashinka na wata shida cur, in ba ka ci ba, ba ka sha ba, ba ka hau mota ba. Na san akwai dokar haya tun 1963, na san wata shida doka ta yarda a karɓa, akwai ma ofishin da ake kai ƙara. Amma wane mai gida ne zai tsaya jin doka alhali mutum goma na bayanka da kuɗi a hannu?

Duk wannan bai hana ni barci ba. Abin da ya hana ni shi ne abin da na ji ranar Juma'a a gidan suna, a bakin matar da ba ta ma san ina bayanta ba. Wai wannan abokin naka, ka san wanda nake nufi, shi zai biya maka kuɗin ɗakin duka, ka riƙa ba shi a hankali. Babana, farantin da ke hannuna sai da na ajiye shi a ƙasa.

Yaron nan a gabana aka yaye shi. Shekara uku da suka wuce silifas ɗinsa ma da ƙusa yake riƙe. Yau ga mota, ga wayoyi uku, ga gida a wajen East Legon, kuma ba wanda zai nuna maka shagonsa ko wurin aikinsa. Da rana barci, da dare kwamfuta. Kana tsammani ban san sunan abin ba? Sakawa, damfarar intanet, da harshenmu ma aka raɗa masa suna, abin kunya ga duk ɗan zango. Uwarsa ta daina zuwa majalisin mata, in ta zo ma ba ta haɗa ido da kowa. Shi ne kake so ya zama mai rufa maka asiri?

Ba kyauta zai ba ka ba, ko da ya rantse. Yau zai ce ka riƙe, ba gaggawa. Bayan wata biyu ya ce wani kuɗi zai shigo, ka ara masa lambar MoMo ɗinka ta karɓar kuɗi a waya. Sai katin shaidarka, sai asusunka na banki. Da wane baki za ka ce a'a kana kwance a ɗakin da ya biya? Ranar da za a zo kamu kuwa, sunan da ke jikin lambar za a nema, shi yana can ya sauya waya. Kai da ko ƙarya ba ka iya ba, kunnenka ke fara rawa. Wallahi in ka karɓi kuɗin nan ban yafe ba, kuma kada ka turo min ko sidi ɗaya daga Ankara, zan mayar maka. Ka manta abin da ya fitar da mu daga gidan Asawase? Ka manta daren da ka riƙe min fitila ina ɗaure tukwane? Mahaifinka ma da "ka riƙe, ba gaggawa" aka fara masa.

Na san abin da ke ranka. Kana cewa da Mma ta ba ni kuɗin adashinta da ban kalli kowa ba. Ban ba ka ba, kuma ban yi nadama ba. A 2022 da tsada ta haura kashi 50 cikin ɗari, jarin atamfata rabi ya narke ina kallo, har yau ban mayar ba. Ga bikin Rabi bayan babbar Sallah. Ita ma 'yata ce. (Tana nan tana murguɗa baki, na ce ta rubuta yadda na faɗa.)

Ka yi haƙuri da tabarmar shagon Kawunka a Nima, ko da sauro, ko da faɗan matarsa. Ba kai ne farkon wanda ya kwana a shago ba. In zaman ya gagara, ka duba Ashaiman ko Kasoa. Kasoa ɗin nan kasuwa ce, kakanninmu fatake suka bar mata sunan, ba za ka rasa ɗan'uwa ba. Sai dai ka tashi kafin assalatu saboda cunkoson mahaɗar Malam. Ko ku haɗa kai ku biyu da wani mai sallah ku raba ɗaki. Amma duk arhar ɗaki, in yana bakin kogin Odaw ka bar shi, ka tuna ambaliya da gobarar Circle na 3 ga Yuni, 2015.

Ɗaukata ta adashi wata mai zuwa ce. Na yi magana da uwar adashi, zan cire maka 3,000, kada ka gaya wa Kawunka. Ka tara naka a kai, ka nemi mai gidan da zai karɓi shekara ɗaya, akwai masu tsoron Allah.

Na faɗi magana mai zafi a sama, Rabi ta ce a goge, na ce a bar ta. Allah Ya tsare min kai, Ya yi maka albarka. Ranar Litinin direban da ka sani zai zo da ƙullin yaji da dakuwa da rigar sanyinka da ka manta a bayan ƙofa. Ka je Circle ka karɓa da wuri, kada dakuwar ta kwana a mota.

Mahaifiyarka