Ɓarɓashin Ƙarfe Zai Iya Gyara Ruwan Masana'antu

Malam Edita,

Ka ba ni fili in yi magana kan ruwan rini da na jima da ke fitowa daga yankunan masana'antu na Sharaɗa, Challawa da Bompai. Ruwan nan yana gangarawa rafuka, manoman rani kuma da shi suke ban-ruwan latas da kabejin da muke ci.

Ɓarɓashin ƙarfen da masu walda da masu injin sassaƙa ƙarfe ke sharewa yana da amfani a nan. Idan aka zuba shi a gurɓataccen ruwa mai ɗan tsami, tare da sinadarin haidurojin ferokzayid (ruwan nan mai kumfa da ake wanke rauni da shi), yana wargaza sinadaran rini, launin ya dusashe. Sai dai dole a tace tsatsar da ta kwanta.

Ina roƙon gwamnatin jiha ta haɗa masana kimiyyar Jami'ar Bayero da masu masana'antu su gwada wannan, tunda ƙarfen yana nan jibge a kasuwar Ƙofar Ruwa.

Mai karatu,
Sharaɗa, Kano